Ɗan Rakiya Mai Riƙe Da Mabuɗin Gidanka

Yau da ƙorafi na zo, kuma ƙorafin daga kaina ya faro.

Kwanakin baya 'yar kwamfutata ta tafi-da-gidanka, wadda da ita nake rubuto muku wannan shafi kowane mako, ta soma nawa, har ya zama sai in kunna ta in je in sha shayi in dawo ba ta gama farkawa ba. Na ɗauke ta na kai wa wani mai gyara a wata kasuwar kayan kwamfuta a nan Ikko. Saurayi ne mai fara'a, mai saurin hannu, kafin la'asar ya gama. Da zai miƙo mini ita sai ya ce, "Oga, na ƙara maka manhajoji har goma sha biyu, da ta kallon fim, da ta saukar da bidiyo, da ta buɗe takardu. Duk kyauta ne, ko kwabo ba za ka ƙara ba." Na yi godiya, na ba shi na shan ruwa, na fito ina ganin na ci riba.

Ribar nan ba ta kwana biyu ba. Da na shiga intanet sai na tarar shafin da na saba yin bincike da shi ya ɓace, wani baƙo ya zauna a gurbinsa. Ina cikin karanta labari sai talla ya faɗo tsakiyar shafi, in na rufe ɗaya biyu su fito. Ranar da abin ya kai ni bango ita ce ranar da edita ya tsaya a kaina muna duba wani rahoto, sai ga wani hoto ya cika allo, irin wanda ba ya faɗuwa a jarida. Abokin aikinmu mai kula da na'urorin ofis ya karɓa ya duba, ya ƙirga mini sababbin manhajoji 19, alhali kuwa 12 aka ce an ba ni. Sauran bakwai ɗin ban san su ba, kuma na yi imani shi kansa mai gyaran bai san da su ba. Biyo 'yan'uwansu suka yi, kamar yadda 'yan rakiya kan biyo amarya, sai dai su waɗannan in an watse ba su komawa gida.

'Yan rakiyar nan iri biyu ne. Akwai manhajar talla, wadda aikinta shi ne cusa maka tallace-tallace a gaban ido ko kana so ko ba ka so. Akwai kuma manhajar leƙen asiri, wadda takan laɓe ta riƙa tattara labarinka, watau shafukan da ka ziyarta, da abin da ka bincika, wani lokaci har da abin da ka buga da yatsunka, ta aika wa maigidanta. Katangar da ke tsakanin su biyun ta zana ce, domin mai talla ba ya son yin asarar tallansa a kan wanda ba zai saya ba, saboda haka tilas ya nemi sanin ko kai wane ne, da abin da kake sha'awa, da abin da ke damunka. Mai talla na yau, mai leƙen asiri ne na gobe da safe.

Me ya sa ake haɗo su da manhajar da mutum ya nema? Kuɗi ne. Wanda ya yi manhaja ya sake ta kyauta yana bukatar abin sa wa a bakin salati, sai mai talla ya zo masa ya ce, ɗauki tawa ka goya a bayan taka, duk kwamfutar da ta sauka a ciki zan biya ka wani abu. Shi ya karɓi kuɗi, mai talla ya sami wurin zama, kai kuma mai kwamfuta ka kwashi wahala. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, amma fa kada mai karatu ya ɗauka wannan sana'ar ƙananan 'yan kasuwa ce kawai. Bari in ba da labarin wani kamfani da ya fi kowa sayar da kwamfuta a duniya a lokacin da abin ya faru.

Wasiƙa Da Masinja

Kamfanin Lenovo na ƙasar Sin, wanda ya sayi sashen ƙera kwamfuta na kamfanin IBM a 2005, ya soma sa wata manhaja a cikin wasu kwamfutocinsa na tafi-da-gidanka tun daga masana'anta a wajen watan Agusta na 2014. Sunanta VisualDiscovery, kuma wani kamfani mai suna Superfish, mai hedkwata a jihar Kalifoniya ta Amurka, shi ya yi ta. Mutum zai sayi kwamfuta sabuwa dal, ya yage ledarta da hannunsa, ashe baƙon yana ciki tun kafin a rufe kwali. Aikin da aka ce za ta yi shi ne, in kana kallon hoton takalmi ko agogo a wani kantin intanet, sai ta nuno maka tallan makamancinsa daga wani kantin. A ido abin haushi ne kawai. Haɗarin yana cikin hanyar da ta bi ta cim ma wannan buri.

Don mu fahimta, mu koma zamanin wasiƙa. In za ka aika wa bankinka saƙo, kakan rufe shi a ambulan, shi ma bankin in zai ba ka amsa yakan rufe ya buga hatiminsa, domin ka tabbata daga gare shi ta fito, kuma babu wanda ya karanta a hanya. Haka abin yake a intanet. Ɗan hoton kwaɗon nan da akan gani a saman shafin banki ko na wasiƙun imel, alama ce ta cewa an kulle maganarku, kuma shafin ya nuna takardar shaida wadda wata amintacciyar hukuma ta sa wa hannu. Kowace kwamfuta tana ɗauke da jerin sunayen waɗannan amintattun hukumomi.

Tun da yake ba a iya cusa talla cikin rufaffiyar wasiƙa, sai manhajar Superfish ta rubuta sunan kanta a cikin jerin amintattun nan. Daga nan ta zama masinjan da ke tsaye tsakaninka da duniya. Duk wasiƙar da ta fito daga banki sai ta buɗe, ta duba, ta sake rufewa, ta buga nata hatimin, ta miƙo maka. Kwamfutarka ta ga hatimin da aka ce mata ta yarda da shi, sai ta nuna maka kwaɗo a kulle, kai kuma hankalinka ya kwanta. Kalmar sirrinka, da lambar asusunka, da saƙon da ka aika wa likita, duk ta hannun masinjan nan suke bi a buɗe.

Wannan kaɗai ya isa abin tashin hankali, amma akwai wanda ya fi shi. Hatimin nan iri ɗaya ne a dukkan kwamfutocin da aka sa wa manhajar, kuma mabuɗin sirrin da ake buga shi da shi yana ajiye cikin kowace ɗaya daga cikinsu. Ka ƙaddara magini ya gina gidaje dubbai, ya sa musu kwaɗo iri ɗaya, sa'an nan ya bar mabuɗin a ƙarƙashin tabarmar kowane zaure. Da maganar ta fashe a watan Fabrairu na 2015, wani masanin tsaron kwamfuta Ba'amurke mai suna Robert Graham ya zauna da manhajar, cikin kamar awa uku ya ciro mabuɗin, ya kuma gano kalmar sirrin da aka kulle shi da ita. Kalmar kuwa ita ce "komodia", watau sunan kamfanin ƙasar Isra'ila da ya ƙera wannan sashe na manhajar. Ko yaron kanti ba ya kulle akwatin kuɗi da sunan maigidansa.

Ma'anar wannan ita ce, duk ɗan damfarar da ya mallaki mabuɗin, in ya zauna a otal ko filin jirgin sama inda jama'a ke tarayya a kan intanet ɗaya, yana iya kafa shafin banki na jabu, ya buga masa hatimin Superfish, kwamfutar da ke ɗauke da manhajar ta karɓa ba tare da ko tari ba. Bugu da ƙari, cire manhajar kaɗai ba ya magani, domin takan tafi ta bar hatiminta a cikin jerin amintattu, sai an bi shi an goge daban. Abin ya kai har Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Amurka ta fito ta gargaɗi jama'a su cire ta, kamfanin Microsoft kuma ya sa manhajarsa ta tsaro ta riƙa farautarta.

Don adalci, ya kamata in faɗa cewa Lenovo ya ce ya daina sa manhajar tun a watan Janairu na 2015, daga baya ya nemi gafara ya fitar da abin cire ta, kuma samfurinsa na ThinkPad da ma'aikatu suka fi saye ba ya cikin waɗanda abin ya shafa. Ya kuma ce bai san wani da aka cuta ta wannan kafa ba. Duk da haka maganar ba ta mutu a nan ba. Hukumar kula da harkokin ciniki ta tarayyar Amurka ta ce mutane fiye da 750,000 ne suka sayi irin waɗannan kwamfutoci a ƙasar kaɗai. A watan Satumba na 2017 aka yi sulhu: kamfanin ya yarda zai biya jihohi 32 dala miliyan 3 da rabi, zai riƙa neman yardar mai saye a fili kafin ya sa irin wannan manhaja, kuma masu bincike daga waje za su riƙa duba tsarin tsaronsa har shekara 20. Nawa ya samu a cinikin tun farko? Mujallar Forbes ta ruwaito cewa abin bai wuce dala 250,000 ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

"Ai Ka Yarda"

In aka ƙure masu wannan sana'a, amsarsu ɗaya ce: ai mai kwamfuta ya yarda. Mu duba irin yardar. A shari'ar Superfish, hukumar ta bayyana cewa wani ɗan akwatin sanarwa ne yakan fito sau ɗaya tak, ranar farko da mutum ya shiga kantin intanet. In ka rufe shi don ya ba ka wuri, an rubuta ka yarda. In ka danna wani gefe na allo, an rubuta ka yarda. In ma ka lalubo 'yar ƙaramar kafar ƙin yarda ka danna, tallan ne kawai zai tsaya, masinja yana nan yana buɗe wasiƙu. Haba jama'a! Wannan ko a kasuwar ƙauye ba a kiransa ciniki.

Sauran kuma sukan ɓoye maganar cikin doguwar yarjejeniyar nan da ke fitowa yayin sa manhaja, wadda kowa ke tsallakewa ya danna alamar amincewa. Sun san ba a karantawa. Wani kamfanin Amurka mai suna PC Pitstop ya taɓa gwada jama'a, ya saƙala wani sharaɗi a cikin tasa yarjejeniyar cewa duk wanda ya karanta ya rubuto masa zai sami tukuici. Sai da aka yi wata huɗu, aka sauke manhajar fiye da sau 3,000, kafin mutum ɗaya ya rubuto, aka ba shi dala 1,000. Ni ma da nake wannan rubutu, da ina cikinsu da ban ci ko sisi ba.

Kuma kada a ce tuntuɓe ne na kamfani ɗaya. A 2005 wani masani, Mark Russinovich, ya gano cewa faya-fayen waƙoƙi na kamfanin Sony BMG suna dasa wata ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutar duk wanda ya sa su, wai don hana satar fasaha, ba a jima ba kuwa masu ƙera ƙwayoyin cutar kwamfuta suka soma fakewa a bayanta. Kamfanin Avast kuwa, wanda miliyoyin mutane suka ɗauki manhajarsa ta kyauta don ta tsare su, an same shi yana sayar da labarin shafukan da suka ziyarta ga kamfanoni fiye da 100 ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Ya rufe reshen a 2020, a 2024 kuma hukumar cinikin Amurka ta sa shi biyan dala miliyan 16 da rabi. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Wani zai ce, to ai ni ba ni da kwamfuta, 'yar wayata ce kawai. Wayar nan ta hannunka kwamfuta ce, kuma abin ya riga ya iso nahiyarmu ta cikinta. A watan Agusta na 2020 wasu masu binciken zamba da ake kira Secure-D suka ba da rahoton cewa sun sami wata muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wayoyi kimanin 53,000 samfurin Tecno W2, a ƙasashen da suka haɗa da Habasha, da Gana, da Kamaru, da Afirka ta Kudu. Da ita aka sayo wayoyin. Takan jawo wata 'yar'uwarta mai suna xHelper, wadda ke yi wa mai waya rajistar hidimomin biya ba da saninsa ba, ta cinye masa kati da data, kuma ko an mai da wayar yadda ta fito daga masana'anta sai ta dawo. Kamfanin Transsion mai Tecno ya ce laifin wani ɗan kwangila ne daga cikin masu kawo masa kaya, ya kuma ce ya fitar da gyara. Ko ma laifin wane ne, wanda ya biya shi ne talakan da ya tara kuɗi ya sayi waya mai araha, ya sa katin kiran gida, ya wayi gari babu.

Gyara Kayanka

Ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba zan ɗora wa kamfanoni laifi duka in wanke kaina ba, domin ni na karɓi kyautar mai gyara da hannu biyu ban tambayi ko daga ina ta fito ba. Ga abin da na koya, ga shi nan na ba ku.

Da farko, in za ka sauke manhaja, je gidan wanda ya yi ta, ko rumbun manhajoji na hukuma da ke cikin wayarka. Shafukan nan masu tara manhajoji barkatai, masu manyan maɓallai kore suna kiranka, a nan 'yan rakiya suka fi yin dandazo. Manhajar kuɗi da aka fasa aka ba ka a banza kuwa ita ce ta fi kowace haɗari, gama wanda ya iya fasa ta ya iya cusa mata abin da ya ga dama, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na biyu, yayin sa manhaja kada ka riƙa danna gaba-gaba kamar mai gudun ruwan sama. In an ba ka zaɓi tsakanin hanyar sauri da hanyar da za ka zaɓa da kanka, bi ta biyu. A nan ne za ka ga 'yan akwatunan da aka riga aka yi maka maki a ciki, na ƙara maka wannan, na sauya maka shafin bincike. Cire makin.

Na uku, in ka kai gyara, faɗa wa mai gyara abin da kake so ya sa, ka kuma ce kada ya ƙara komai. Kafin ka biya, sa shi ya buɗe jerin manhajojin da ke ciki ku ƙirga tare. Haka kuma in ka sayi sabuwa, duba jerin tun ranar farko, abin da ba ka san amfaninsa ba tambayi wanda ya sani, a cire.

Na huɗu, a waya duba izinin da kowace manhaja ta nema. Tocila ba ta da hurumi da sunayen abokanka, manhajar lissafi ba ta da hurumi da saƙonninka. In ka ga kati yana zurarewa ba ka yi kira ba, ko waya tana zafi tana aljihu, ko talla yana fitowa ba ka buɗe komai ba, to akwai baƙo a gidan. Bayan an kore shi, sauya kalmomin sirrinka na banki da na imel, kuma ka yi hakan a kan wata na'ura mai tsabta. Kada kuma ka ƙi karɓar sabuntawar da masu na'urar ke aikowa don tsoron ƙarewar data, domin ta nan ake toshe ɓarakar da aka gano.

Sai dai duk wannan shawara tana da iyaka. Wanda ya sayi kwamfutar Lenovo a 2014, ko Tecno W2 a Kumasi ko Garwa, bai sauke komai ba, bai danna komai ba, bai yi kwaɗayin komai ba. Babu hattarar da za ta cece shi, sai hukuma. A nan ne nake kira ga namu hukumomin. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa shirun mutum ba yarda ba ne. Muna kuma da hukumar sadarwa ta ƙasa wadda ke tantance samfurin wayoyi kafin a sayar da su, ga hukumar kare haƙƙin masu sayayya. Abin da muke roƙo shi ne tantancewar ta wuce jikin waya ta leƙa abin da aka zuba a cikinta, a kuma tilasta wa mai shigo da kaya ya ɗauki alhakin duk manhajar da ta zo cikin kwalinsa. Jihohin Amurka 32 ba su jira sai an kwashe wa wani kuɗi kafin su tashi ba. Sun ga an bar ƙofa a buɗe, suka ce wannan kaɗai laifi ne. Haka kuma a riƙa yi wa jama'a bayanin irin wannan haɗari cikin harsunanmu a gidajen rediyo, domin yawancin masu riƙe da wayoyin nan ba su karanta yarjejeniyar Turanci, ko da sun so.

Ita kuwa 'yar kwamfutata, sai da aka share ta ƙal aka sake zuba mata komai daga tushe, na yi asarar kwana biyu na aiki, na kuma zauna na sauya kalmomin sirri har tara. Makon jiya na bi ta kasuwar nan, saurayin ya hango ni ya taso da murna, ya ce, "Oga, akwai wasu sababbi, in sa maka?" Na ce, "A'a ƙanena, na gode. Zo dai ka zauna in ba ka wani labari."

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.